Abin da Na Gasa wa Hajiyar Nura

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bina a wannan shafi. Yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ku yi min afuwa. Hannuna har yanzu ƙanshin tafarnuwa yake, idona kuma ya kumbura, don haka bari in shiga maganar kawai.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Bilkisu, a Gyadi-Gyadi aka haife ni. Nura kuma ɗan Tarauni ne, shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifiyarsa, wadda duk danginsu ke kira Hajiya. Tun ina ajin ƙarshe a jami'a yake zuwa zance wurina. Na gama, na je bautar ƙasa, na dawo, yana nan dai kan bencin ƙofar gidanmu yana min murmushin nan nasa da ke sa in manta abin da nake shirin faɗa. Ni ban gaji ba, Abba ne ya gaji.

"Ki gaya wa yaron nan ƙofar gidana ba tashar mota ba ce," in ji Abba. "Ko ya turo manyansa kafin azumi, ko ya daina ɗumama min benci."

Abba ba ya maimaita magana. Aka tsayar da shawara mata za su fara zuwa ranar Laraba su gai da Umma su ga gida, sannan ranar Asabar kawunnansa su zo wurin Abba neman aure. In Asabar ta wuce ba su zo ba, ni da Nura mun gama. Wannan kowa a gidanmu ya sani.

To, akwai wani abu da ni kaɗai na sani. Wata rana da yamma Nura ya zo fuskarsa duk a yamutse, na dame shi da tambaya har ya faɗa min daga asibiti yake. Hajiya tana da ciwon suga. Ta ɓoye wa kowa, shi kaɗai ya sani don shi ke kai ta ganin likita. Ciwon ne ya kashe mahaifiyarta bayan an yanke mata ƙafa, kuma ƙanwar Hajiya, Anti Safiya, ita ta yi jinyar tsohuwar har ƙarshe. Tun daga lokacin ko sunan ciwon aka ambata sai hankalin Anti Safiya ya tashi. Shi ya sa Hajiya ta ce ko da wasa kada Safiya ta ji.

"Bilki, wannan tsakanina da ke ne," ya ce.

Na ce, "Har kabarina." A zuciyata kuwa wani daɗi na ji, Allah ya yafe min. Namiji ya ɗauko abin da ya fi masa nauyi ya ajiye a hannuna. Na ji kamar an riga an ɗaura.

Ana gobe baƙi za su zo, Gwaggo Jummai, yayar Abba, ta sauka daga Hotoro da zugar tukwanenta. Ita ce shugabar duk wani sha'ani a danginmu, ba zaɓenta aka yi ba, ita ta naɗa kanta. Kafin azahar tsakar gidanmu ta zama masana'anta. Ga dubulan ana tsamowa daga ruwan suga yana ɗiga, ga alkaki, ga nakiya, ga cincin cike da baho. Ƙudan zuma har sun fara kawo ziyara.

Ina tsaye ina kallo sai wani tunani ya soke ni. Uwar miji ba ta zuwa irin wannan gaisuwa, kun sani, a gida take zama a kawo mata tukwicin da aka ba 'yan aike. Na hango Hajiya zaune a falonta, an buɗe mata robobi, 'yan uwa sun zagaye ta suna cewa ɗanɗana wannan, ɗanɗana wancan. Duk cikinsu babu ko ɗaya da za ta iya kaiwa baki. Ko ta ci ta cutu, ko ta ƙi ci a ce ta raina kayan gidanmu. Abu na farko da zai fito daga hannuna zuwa hannunta ke nan, kuma ya zama abin da zai wahalar da ita?

Na zari mayafi na tsallaka gidan Maman Prisca. Regina sunanta, maƙwabciyarmu ce tun ina rarrafe, ita ke yi wa rabin unguwar nan kek na biki da suna. Hausarta ta fi tawa gishiri.

"Amarya da kanta! Me aka zo aro, oben ko shawara?"

"Duka biyu, Mama. Ina son wani abu na tarbar baƙi, mai kyau a ido, amma babu suga ko ƙwaya ɗaya."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Wa ye ba ya son suga a Kano?"

"Wata ce kawai."

"To, wata ce kawai. Zo ki wanke hannu."

Abin da ta koya min tat ake ce masa. Ku ɗauka ɗan ƙaramin ƙoƙo ne na fulawa, girman tafin hannun jariri, a gasa shi ya yi ƙaras-ƙaras, a cika shi da cuku da tumatir. Na roƙe ta mu yi da garin alkama, muka ɗan sa fulawa kaɗan don ya kama jikinsa. Ta ciro bota daga firij mai sanyi kamar dutse, ta yanka ƙanana, ta ce in murza cikin garin da kan yatsuna kawai.

"Ban da tafin hannu! Hannunki zafi gare shi, 'yar soyayya. In botar nan ta narke, abin da za ki samu fanke ne."

Na yi ta murzawa har ya koma kamar tsaki. Muka yayyafa ruwan ƙanƙara cokali-cokali, muka tattara shi ba tare da an luda ba, aka naɗe a leda ya kwana a firij ɗinta. Ta ce kwaɓin nan kamar surukar zamani yake, ba ya son a takura masa.

Da sassafe ranar Laraba na shiga kasuwar Tarauni neman tumatir. Ba irin na miya mai ruwa ba, 'yan ƙanana masu tauri nake so. Ina zaɓa ina satar kallon layin da ke bi zuwa gidansu Nura, zuciyata na cewa, nan da 'yan watanni nan ne cefanenki. Na biya kanti na sayi cukun da ke narkewa, don Maman Prisca ta gargaɗe ni cukun Buzaye ko shekara zai yi a wuta ba zai motsa ba.

Muka murza kwaɓin da kwalba, muka yanka shi zagaye da bakin kofi, muka danna kowanne cikin gwangwanin kek. Na tsattsaga gindinsu da cokali mai yatsu, muka shimfiɗa 'yar takarda muka zuba ɗanyen wake a kai don kada su kumbura, aka fara gasa su haka nan babu komai. Tumatir kuwa na yanka siri-siri, na barbaɗa gishiri na jera a kan tsumma mai tsabta ya zubar da ruwansa. Sai albasa da aka soya a hankali har ta yi laushi, ɗan tafarnuwa, cuku gogagge, tumatir a sama kamar fure, masoro, da ganyen ɗoɗɗoya.

Da aka buɗe oben ɗin karo na biyu, wallahi sai da na ji ƙwalla. Gefensu ya yi ruwan zuma, cukun yana tafasa a hankali, tumatir ya ɗan ƙone a baki-baki. Na ɗauki hoto na tura wa Nura.

*Na Hajiya ne. Babu suga.*

Ya turo hoton zuciya har uku. *Allah ya bar min ke. Amma ki yi a hankali fa.*

*Haba dai. Ni ce fa.*

Ku riƙe wannan "ni ce fa" ɗin, don ban kai awa guda ina taƙama da ita ba.

Na shigo gida da tire a hannu, Gwaggo Jummai ta tare ni a ƙofar kicin. Ta leƙa, ta karkata kai.

"Wannan kuma fa? Mit-fai ne aka manta ba a sa masa murfi ba?"

"Tat ne, Gwaggo."

"Tat! Sunan ma kamar an mari yaro." Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna. "Ba laifi. Amma salam yake. Surukai za a kai wa abu ba zaƙi, a ce gidan Malam Haruna rowar suga suke? Miƙo min ruwan dubulan ɗin can in ɗan shafa musu a sama, su yi sheƙi."

Na zata wasa take. Sai na ga ta tsoma ludayi.

"Gwaggo, don Allah a'a!"

"Ke, matsa. Na aurar da 'ya'ya kafin a haife ki."

Ludayin yana saman tiren, ruwan suga ya fara zarara, ɗigo ɗaya har ya sauka a gefe. Ban yi tunani ba. Bakina ne ya riga ni.

"Na Hajiyarsa ne! Ciwon suga gare ta, ba ta shan zaƙi!"

Ludayin ya tsaya. Gwaggo ta dube ni, fuskarta ta yi laushi irin yadda ban taɓa gani ba.

"Allah sarki. Shi ne kika tashi tun asuba kika yi mata nata daban?"

"Gwaggo, sirri ne. Don girman Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Wa zan faɗa wa? Ni yarinya ce?" Ta share ido da bakin zaninta. "Kai, Bilkisu, kin yi hankali."

Na so in ƙara jaddada mata, sai ga sallama a zaure. Umma ta turo ni ɗaki da sauri, don ba a ganin yarinya a irin wannan zama. Na zauna a bakin gado cikin atamfata ruwan goro da na ɗinka musamman duk da na san ba mai ganina, na ɗan ɗaga labule da yatsa.

Su huɗu ne. Wadda ke gaba, doguwa fara cikin leshi ruwan toka da mayafi mai duwatsu, ita ce Anti Safiya, na gane ta daga hotuna. Falon Umma ya sha turaren wuta, an shimfiɗa sabon kafet ɗin da ba a fito da shi sai da dalili. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a sani ba. Aka jera musu kayan ci a gabansu.

Ni a lissafina za su ci, su yaba, a zuba sauran a roba, Hajiya ta buɗe ta tarar da abin da za ta iya ci ba tare da kowa ya lura ba. Abin da na manta shi ne kunyar surukai. Ba wadda ta taɓa ko cincin ɗaya.

"Bismillah mana, ku ci."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke."

"Ko ruwa ku sha."

Anti Safiya ta kai kofi baki ta ajiye, ban ma tabbata ruwan ya taɓa leɓenta ba. Tat ɗina suna zaune a tsakiya suna hucewa, ba wadda ta ko tambayi sunansu. Na ga ran Gwaggo ya fara sosuwa. Ita a duniya ba ta jure a yi abin kirki a danginta ba a sani ba.

Da suka tashi tafiya aka shiga zuba tukwici a robobi. Gwaggo ta ɗauko wani kwano mai kyau na Umma, ta jera tat ɗin a ciki da hannunta, ta miƙa wa Anti Safiya hannu bibbiyu.

"Wannan kada a haɗa shi da sauran. Na Hajiya ne ita kaɗai. 'Yarmu ce ta gasa mata da hannunta tun asuba, babu suga ko kaɗan, saboda lalurarta."

Na ji kamar an zare ƙasan gadon.

"Lalura?" in ji Anti Safiya, tana murmushi irin na wadda ba ta ji daidai ba. "Wace Hajiyar?"

"Hajiyar Nura mana. Ciwon sugan nan. Allah dai ya ba ta lafiya, ai yanzu ya zama ruwan dare."

Umma ta ce, "Yaya Jummai," a hankali, amma an makara.

Ban taɓa ganin fuska ta canza kamar ta Anti Safiya ba. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya a wurin kamar an manta da shi.  Ɗaya daga cikin matan ta karɓi kwanon daga hannunta.

"Yayata ba ta da suga," in ji Anti Safiya. "Da tana da shi da na sani. Ni ce zan fara sani." Ta juya ta dubi sauran. "Ko kun sani?"

Duk suka girgiza kai.

"Tun yaushe?" Ta juyo kan Gwaggo da tambayar, muryarta ta sirance. "Tun yaushe take da shi? Ƙafarta fa? Watan jiya na ga tana ɗingishi ta ce min takalmi ne."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. 

Haka suka fita, sallamar ma a tsaitsaye. Ina jin kukan Anti Safiya tun daga zaure har suka shiga adaidaita.

Umma ta ɗaga labulen ɗakina ta tsaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Wa ya gaya miki?"

"Nura."

"Ya ce ki faɗa?"

"Ya ce kada in faɗa."

 "Mutanen nan ba su ga fuskarki ba, Bilkisu. Abin da suka fara sani game da ke shi ne magana ba ta kwana a cikinki."

Gwaggo daga tsakar gida tana ta cewa, "Ni fa yabonta na yi! Yabonta na yi, wallahi!" Kuma gaskiya take faɗa, shi ne abin da ya fi ci min rai. Ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na kira Nura, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya katse. Na rubuta, *Don Allah ka saurare ni.* Alamar ta nuna ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Na zauna ina kallon wayar kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sai bayan la'asar saƙo ya shigo.

*Anti Safiya ta suma a falo. Gidan ya cika. Hajiya ta ce a gaya wa su Kawu su dakata da maganar Asabar.*

*Nura, wallahi niyyata...*

*Na ce miki tsakanina da ke.*

 Ina nan zaune Abba ya dawo daga masallaci, na ji muryarsa a tsakar gida yana tambayar Umma, "Baƙi sun zo lafiya? Asabar ɗin tana nan ko?" Umma ta ce, "Sun zo lafiya, Malam. Bari in kawo maka ruwa." Ta bar rabin tambayar a ƙasa. Na san ba za ta iya riƙe masa ita fiye da kwana ɗaya ba.

Rana ta kusa faɗuwa wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Kamar kada in ɗauka.

"Salamu alaikum. Bilkisu ce?"

Murya ce ta babbar mace, a nutse, ba gaggawa. Ban taɓa jin ta ba amma jikina ya gane ta. Ban san lokacin da na sauko daga gado na durƙusa a ƙasa ba, kamar tana ganina.

"Ni ce, Hajiya. Ina wuni."

"Lafiya lau. Na ci abin da kika aiko. Uku na ci."  "Rabon da a kawo abu daga gidan sha'ani in sa a bakina hankali kwance, na manta. Hannunki yana da kyau."

Hawaye suka zubo min. "Hajiya, ki yafe..."

"Ban gama ba. Ƙanwata tana kwance a ɗakina an sa mata ruwa. Abin da na yi shekaru ina tare mata ke nan, ya same ta a gidan mutane, a bakin wadda ba ta sani ba. Wannan ya riga ya faru. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma daga amsarki zan san abin da zan gaya wa kawunnansa."

"To, Hajiya."

"Na tambayi Nura, ya ce min ba shi ya gaya miki ba. Ya ce kina da ƙawa a asibitin da nake zuwa, wataƙila ita ta buɗe miki takarduna. Haka ne?"

Wayar ta yi motsi a kunnena. Na janye ta na duba. Saƙon Nura ne.

*Ki ce eh. Don Allah Bilki ki ce eh. In ta san ni ne ba za ta ƙara yarda da ni ba. Zan gyara komai daga baya.*

'Yan uwa, ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon saƙon nan ba. In na ce eh, na zama yarinyar da ke bin diddigin uwar miji har asibiti tun kafin ta shigo gida, kuma da wannan sunan zan zauna da ita har abada, in ma an yi auren. In na ce a'a, na kira ɗanta maƙaryaci a kunnenta. Mutumin da ya yi shekaru a kan bencinmu, yau ya ɗauke ni ya sa a gabansa don kada dukan ya same shi.

"Kina jina, Bilkisu?"

"Ina ji, Hajiya."

"To?"

Na gyara riƙon wayar a kunnena.

"Ba ni da ƙawa a asibiti, Hajiya. Shi ya gaya min. Ya ce in riƙe, ni ce na kasa."

 Ina jin ƙarar fanka a ɗakinta, da wani abu kamar an ajiye kofi a kan tebur. Sai muryarta ta ɗan yi nisa, kamar ta juya kai daga wayar.

"Ka ji da kunnenka ko, Nura? Ajiye wayar nan da kake ta dannawa, ka matso nan."

Layin ya katse.